Kujerar Yara a Mota: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Shekaru, Girma da Ƙa'idojin Ɗauri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya kowace shekara, kuma a tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 29 babu wani sanadi guda da ya kai haɗarin hanya kisa. Duk da haka, abin da ido ya saba gani a titunanmu shi ne uwa a kujerar gaba da jariri a cinya, ko yaro a tsaye tsakanin kujerun gaba biyu yana kallon hanya. Da yake kusan duk kujerun yara da ake samu a kasuwanninmu daga Turai ko Amurka ko Asiya ake shigo da su, amsoshin nan sun haɗa ƙa'idojin ƙasashen da suka tsara su da kuma halin da iyaye ke ciki a wurinmu.

Me ya sa bai wadatar ba uwa ta rungume jaririnta da kyau?

Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta ci karo da wani abu ta tsaya nan take, duk abin da ke cikinta wanda ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har sai ya daki wani abu. Ƙarfin bugun daidai yake da na faɗowa daga tsayin mita 10. A wannan ɗan lokaci, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, nauyin jiki kan ninka sau 30 ko fiye, ta yadda yaro mai kilo 10 zai fizgi hannun mahaifiyarsa da ƙarfin kilo 300, wato nauyin buhun siminti shida. Babu uwar da za ta iya riƙe wannan, komai ƙarfinta, komai ƙaunarta.

Lamarin ya fi muni idan ita kanta ba ta sa bel ba, domin jikinta ne zai danne yaron a jikin dashbod ko bayan kujerar gaba. Idan kuma ta zagayo da bel ɗaya ta haɗa kanta da shi, nauyinta ne zai matse shi a jikin bel ɗin. Goyo ma haka yake: yaron da ke baya yana tsakanin jikin uwarsa da kujera, kuma zani da majanyi ba a yi su don irin wannan fizga ba, don haka a kwance goyo kafin a shiga mota. Alkaluman hukumar kula da lafiyar tituna ta Amurka sun nuna cewa kujerar yara tana rage haɗarin mutuwar jarirai da kashi 71 cikin 100, na 'yan shekara 1 zuwa 4 kuma da kashi 54 cikin 100, a ƙananan motoci.

To, bel ɗin da ke jikin mota ba zai yi wa yaro aiki ba?

Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda injiniyan kamfanin Volvo Nils Bohlin ya fito da shi a 1959, an auna shi ne da jikin baligi. Aikinsa shi ne ya ɗora ƙarfin karo a kan ƙasusuwa masu ƙwari, wato ƙashin ƙugu, ƙirji da kafaɗa. A jikin ƙaramin yaro kuwa, ɓangaren sama yakan bi ta wuya ko fuska, na ƙasa kuma ya hau ciki, inda babu ƙashin da zai tare shi. Idan aka yi karo, bel ɗin yakan nutse cikin tumbi ya yi wa hanji, hanta ko saifa lahani, wani lokaci har ya taɓa ƙashin baya. Yaro kuma kan iya sulalewa ta ƙarƙashin bel ɗin gaba ɗaya.

Shekaru ake bi wajen zaɓen kujera, ko nauyi, ko tsawo?

Shekaru manuniya ce kawai. Abin da ya fi ƙarfi shi ne tsawon yaro da nauyinsa, da kuma iyakar da masu ƙera kujerar suka rubuta a jikinta, domin yara biyu 'yan shekara huɗu kan bambanta ƙwarai a girma. Matakan dai huɗu ne.

Daga haihuwa, jariri yana zama a kujera mai fuskantar baya, wato bayansa na wajen direba, fuskarsa na kallon gilashin baya. Ƙaramar kujerar jarirai mai mariƙi takan ɗauki yaro har ya kai kilo 13, wanda yawanci yakan zo daidai da wata 12 zuwa 15. Daga nan ba a juya shi gaba, sai dai a koma babbar kujera wadda ita ma za a iya kafa ta tana fuskantar baya, irin wadda ke ɗaukar kilo 18, wata ma har 25.

Mataki na biyu shi ne kujera mai fuskantar gaba mai nata maɗauri, wanda ke riƙe yaro ta wuri biyar: kafaɗu biyu, gefen ƙugu biyu, da tsakanin cinyoyi. Na Turai galibi sukan tsaya a kilo 18 ko tsawon santimita 105, wato wajen shekara huɗu, na Amurka da yawa kuma sukan kai kusan kilo 30.

Na uku shi ne kujerar ƙarin tsawo, wadda masu sayarwa ke kira busta. Ita ba ta da maɗauri nata. Ɗaga yaro take yi domin bel ɗin mota ya bi inda ya kamata a jikinsa. Ana amfani da ita daga wajen shekara huɗu ko biyar har zuwa 10 ko 12. Na huɗu shi ne bel ɗin mota kaɗai, a kujerar baya.

Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne kowane sauyin mataki raguwar kariya ne. Mun saba ɗaukar yaye, tafiya da shiga makaranta a matsayin ci gaba, kuma haka ne, amma a nan gaggawa ba ta da riba. A bar yaro a matakin da yake har sai ya cika iyakar kujerarsa.

Me ya sa ake nanata fuskantar baya, kuma zuwa yaushe?

Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, yana da nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da sauran jiki, ga shi ƙasusuwan wuyansa ba su gama ƙwari ba, jijiyoyinsa kuma suna da laushi. Mafi yawan munanan haɗurra ta gaba ake yin su. Idan yaro yana fuskantar gaba, maɗauri zai riƙe ƙirjinsa amma kansa zai wulla gaba, duk ƙarfin ya ƙare a wuya. Ƙasusuwan wuyan ƙaramin yaro suna iya miƙewa fiye da yadda lakar da ke cikinsu za ta jure, kuma lahanin laka yana kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. Idan kuwa yana fuskantar baya, kai da wuya da baya za su nutse tare cikin jikin kujerar, ƙarfin ya bazu a faɗin bayansa duka.

Wani farfesa ɗan ƙasar Suwidin, Bertil Aldman, shi ne ya fito da wannan dabara a 1964, bayan ya lura da yadda 'yan sama jannati ke kwanciya da baya domin jure ƙarfin tashin kumbo. Har yau al'adar mutanen Suwidin ita ce yaro ya ci gaba da fuskantar baya har wajen shekara huɗu, kuma ƙasar na cikin waɗanda suka fi ƙarancin mutuwar yara a mota. Ƙa'idar Turai ta yanzu ta wajabta fuskantar baya har wata 15 aƙalla. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar shekara biyu a 2011, sannan a 2018 ta cire adadin shekarun ta ce a ci gaba har sai yaro ya kai iyakar nauyi ko tsawon da kujerarsa ta yarda. A ganina wata 15 iyakar doka ce kawai. Wanda kujerarsa za ta kai shi shekara uku ko huɗu, ya yi haƙuri ya kai.

Ƙafafunsa sun fara tokarar jingina. Ba lokacin juya shi ya yi ba?

A'a. Yara sukan tanƙwashe ƙafa ko su harɗe ta ba tare da wata damuwa ba, kuma karayar ƙafa tana ɗoruwa, lahanin laka kuwa ba ya gyaruwa. Kai ake dubawa. Idan saman kansa ya rage ƙasa da santimita biyu da rabi ya kai bakin kujerar, ko ya wuce nauyin da aka rubuta, to kujerar ta yi masa kaɗan.

Wane wuri ne ya fi aminci a cikin mota? Gaba fa?

Kujerar baya ce wurin yara. Tsakiyar baya ta fi nisa da duk gefen da za a iya buga mota, don haka ita ce zaɓin farko idan kujerar yaron za ta kafu a wurin daram. Idan ba za ta kafu ba, gefe mai ɗauri mai kyau ya fi tsakiya mai girgiɗi. A Najeriya da Nijar, inda ake tuƙi a hannun dama, gefen dama na baya yana da fa'idar cewa za a sa yaro a fitar da shi ta bakin hanya, ba ta wajen da motoci da babura ke wucewa ba.

Babban haɗarin gaba shi ne jakar iska, wato jakar da ke ɓoye a sitiyari da dashbod wadda ke kumburowa idan an yi karo. Takan fashe ta fito da gudun da ya kai kusan kilomita 300 a awa, kuma an yi ta ne domin ƙirjin baligi. Idan ta daki bayan kujerar jariri mai fuskantar baya, kansa take duka kai tsaye, kuma wannan ya kashe jarirai a haɗurran da manyan da ke motar suka fita lafiya. Saboda haka ba a taɓa kafa kujera mai fuskantar baya a gaban jakar iska mai aiki. A mota mai layin kujera ɗaya, kamar wasu a-kori-kura, sai an kashe jakar da makullinta idan motar na da shi, a kuma tura kujerar baya iyakar iyawa. Likitocin yara na Amurka suna cewa yaro ya zauna a baya har ya cika shekara 13.

Me doka ta ce?

Ya danganta da ƙasa. A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa bel a 2003. Ƙa'idarta ita ce yaron da bai kai shekara 12 ba ba ya zama a gaba, kuma rashin ɗaure yaro na cikin laifuffukan da take cin tara a kansu. A Ingila dole ne yaro ya yi amfani da kujerar yara har ya cika shekara 12 ko ya kai tsawon santimita 135, duk wanda ya riga zuwa. Jamus ta ɗaga nata zuwa santimita 150. A Amurka kowace jiha da dokarta. Jihar Tennessee ce ta fara a 1978, zuwa 1985 kuma duk jihohi sun bi sahu. Afirka ta Kudu ta wajabta kujera ga yara 'yan ƙasa da shekara uku a 2015. Wanda zai yi tuƙi da iyalinsa a wata ƙasa ya binciki dokar wurin kafin ya tashi. Sai dai doka mafi ƙarancin abin da ake buƙata take faɗa, kuma inda jami'ai ba sa tsayar da kowa a kan wannan, nauyin yana wuyan iyaye kaɗai.

Mene ne ma'anar R44 da R129 da ake gani a jikin kujera?

Lambobin ƙa'idojin gwaji ne na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙasashen Turai ke bi. A jikin kujerar akan manna wata takarda mai ruwan goro, da harafin E a cikin da'ira. R44 ita ce tsohuwar ƙa'ida, kuma da nauyi take raba kujeru: rukunin 0+ har kilo 13, rukuni na 1 daga kilo 9 zuwa 18, na 2 daga 15 zuwa 25, na 3 daga 22 zuwa 36. R129, wadda aka fi sani da i-Size, ta fara aiki a 2013. Ita da tsawon yaro take aiki, kuma ta ƙara gwajin karo ta gefe, wanda tsohuwar ba ta wajabta ba. Tun watan Satumba na 2024 aka daina sayar da sababbin kujerun R44 a Tarayyar Turai, ko da yake wanda ya riga ya mallaka yana iya ci gaba da amfani da tasa. Kujerun Amurka ƙa'idar FMVSS 213 suke bi, kuma akan rubuta a jikinsu cewa sun cika ƙa'idojin gwamnatin ƙasar.

Kujerar da ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu a bar ta a kanti. Akwai wasu 'yan riguna na yadi masu igiyoyi da ake tallatawa a intanet a matsayin kujerar yara mai arha. Ba su da ƙwarangwal ɗin da zai tare komai, kuma sun fi cutarwa ta wani gefen, domin sukan sa iyaye su saki jiki.

Yaya ake kafa kujerar a mota?

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ISOFIX, wadda Amurkawa ke kira LATCH: wasu ƙarafa biyu ne da ke ɓoye a lungun da mazauni ya haɗu da jingina. Idan aka cusa yatsu a wurin za a ji su, kuma sau da yawa akwai ɗan tambari a samansu. Kujerar yaron tana da ƙugiyoyi biyu da ke kama su, su yi ƙas, a wasu kujerun kuma alamar ja ta koma kore. Motocin Amurka da aka ƙera daga Satumba 2002 suna da su, haka sababbin motocin Turai duka daga 2014, don haka yawancin tokumbo da ke hannun mutane suna da su ba tare da masu su sun sani ba.

Ta biyu ita ce bel ɗin mota, wanda ake bi da shi ta ramukan da aka nuna a jikin kujerar. A motocin Amurka, idan aka jawo bel har ƙarshensa aka sake shi a hankali, za a ji yana ƙara yana komawa, alamar ya kulle ke nan. A danna kujerar da hannu ko gwiwa yayin da ake jan bel ɗin ya tsuke. Duk hanyoyin biyu suna da aminci idan an yi su daidai, amma ba a haɗa su sai littafin kujerar ya yarda.

Bayan an gama, a kama kujerar daidai inda bel ya ratsa a girgiza ta. Idan ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, a sake. Kujera mai fuskantar gaba sau da yawa tana da igiyar sama da ake maƙalawa a ƙarfen da ke bayan kujerar mota, ko kuma ƙafa da ke tokare ƙasan mota. Mutane da yawa sukan bar igiyar nan tana reto, alhali ita ke hana kan yaro wullawa gaba da nisa.

Shi yaron fa, yaya ake ɗaure shi?

Igiyoyin su kwanta sumul ba tare da murɗewa ba. Idan yana fuskantar baya, su fito daidai kafaɗa ko ɗan ƙasa da ita. Idan yana fuskantar gaba, daidai kafaɗa ko ɗan sama. Bayan an ja sun tsuke, a gwada mintsinin igiyar a kan kafaɗarsa da yatsu biyu. Idan ta kamu ta ninku, ba ta tsuke ba. Kujerun Amurka suna da maɓallin ƙirji, wanda wurinsa daidai hammata ne, ba kan ciki ba.

Lokacin hunturu akwai kuskuren da ake yawan yi. Akan naɗe jariri da shawul da rigar sanyi mai kauri sannan a ɗaure shi, igiya ta ga kamar ta tsuke, alhali tufafi ta matse. A karo tufafin sukan lotse, a bar gibin da yaro zai iya ficewa ta ciki. A ɗaure shi da tufafi marasa kauri, sannan a lulluɓa bargo a kan igiyoyin.

Yaushe yaro zai bar busta?

Sai bel ɗin mota ya zauna masa daidai, wanda yawanci ba ya faruwa kafin tsawon santimita 145 zuwa 150. A zaunar da shi a kujerar baya a duba: bayansa ya jingina sosai, gwiwoyinsa sun lanƙwasa a bakin kujera ba tare da ya zame gaba ba, bel na ƙasa ya kwanta a saman cinyoyi, na sama ya bi tsakanin wuya da kafaɗa, kuma zai iya zama haka har a isa. Idan ɗaya ya gaza, da saura. Bincike a Amurka ya nuna busta tana rage haɗarin mummunan rauni da kashi 45 cikin 100 ga 'yan shekara 4 zuwa 8, idan aka kwatanta da bel kaɗai.

Busta mai jingina da kariyar kai ta fi wadda take matashi zalla, musamman ga yaron da ke barci a hanya. Ba a amfani da busta da bel na ƙugu kaɗai, irin wanda ke tsakiyar baya a tsofaffin motoci. A kuma hana yaro mayar da bel na kafaɗa bayansa ko ƙarƙashin hammata. In yana yin haka, alama ce bel ɗin na cin wuyansa, wato bai isa barin busta ba.

Kujerar gwanjo tana da aminci?

Wannan tambaya ce mai nauyi a wurinmu, domin sabuwar kujera tana da tsada, kuma yawancin waɗanda ake gani a kasuwa na hannu ne. Matsalar ita ce kujerar da ta taɓa shiga haɗari tana iya tsagewa ta ciki ba a gani, mai sayarwa kuma bai san tarihinta ba. Roba ma tana tsufa, shi ya sa masu ƙerawa ke ba kujera wa'adin shekara 6 zuwa 10, kuma zafin rana irin namu ba ya ƙara mata kwana.

Mafi kyau shi ne sabuwa mai alamar gwaji, ko da mai sauƙin kuɗi ce, domin mai arha da mai tsada gwaji ɗaya suka wuce. Bayanta sai wadda aka karɓa daga ɗan'uwa ko aminin da aka san bai yi haɗari da ita ba. Idan dole sai gwanjo, a juya ta a nemi ranar ƙira, wadda akan buga a takarda ko a jikin robar. A yaye rigar a duba tsagewa ko wurin da robar ta yi fari-fari, a tabbata farin soson da ke ciki bai karye ba, igiyoyi ba su zare ba, maɓalli yana kamawa yana buɗewa, babu abin da aka ɗinke ko aka ɗaure da waya. Da sunan kamfani da lambar kujera akan samu littafinta a intanet. Kujerar gwanjo da ta wuce wannan bincike ta fi cinya nesa ba kusa ba.

An yi haɗari da kujerar a cikin mota. A ci gaba da amfani da ita?

Idan haɗarin babba ne ko matsakaici, a sauya ta, ko da yaron ba ya ciki a lokacin. Hukumar kula da lafiyar tituna ta Amurka tana ɗaukar haɗari ƙarami ne kawai idan motar ta bar wurin da ƙafarta, ƙofar da ke kusa da kujerar ba ta lotse ba, babu wanda ya ji rauni, jakar iska ba ta fashe ba, kuma babu lahani a jikin kujerar. Wasu kamfanoni ma cewa suke a sauya bayan kowane irin karo. Kafin a jefar da ita a yanke igiyoyin, don kada ta koma kasuwa.

Jariri sabuwar haihuwa zai iya zama a kujera?

Tun tafiyar farko daga asibiti zuwa gida ake fara amfani da ita, haka tafiyar mai jego zuwa gidan iyayenta wanka. Abin lura shi ne kwanciyar kujerar. Jaririn bai iya riƙe wuya ba, idan ta miƙe da yawa kansa zai faɗo kan ƙirji ya matse hanyar numfashi. Kujerun jarirai suna da layi ko alama a gefe da ke nuna kwanciyar da ta dace, kusan rabin kishingiɗa. Kada a cusa matashi ko tsumma a bayansa ko ƙarƙashinsa, sai wanda ya zo da kujerar.

A doguwar tafiya, kamar daga Kano zuwa Abuja, a riƙa tsayawa aƙalla duk bayan awa biyu a fitar da shi ya miƙe, a makonnin farko kuma fiye da haka. In da hali babba ya zauna kusa da shi. Idan yana neman nono, a faka mota a shayar da shi. Da an isa gida a mayar da shi shimfiɗarsa, domin kujerar mota ba gadon barci ba ce. Bakwaini kuma a nemi shawarar likita kafin a sallame shi.

Zafi fa?

Zafin cikin motar da aka rufe yana ƙaruwa da kimanin digiri 11 a minti 10 kacal, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, 'yan mintuna sun isa su hallaka yaro, kuma ɗan sauke gilashi ba ya magani. Ba a barin yaro shi kaɗai a mota, ko don shiga kanti. Jaririn da ke fuskantar baya ya yi barci ba a ganinsa, don haka a riƙa ajiye waya ko jaka a kusa da shi. A kulle motar da ke fake a gida, saboda yara kan shiga wasa ƙofa ta rufe da su. Ƙarfen maɓalli kuma yana ƙuna idan ya sha rana. A rufa wa kujerar farin zani, a taɓa da hannu kafin a sa yaro.

Tafiyar ba nisa, ni kuma ba na gudu. Ai komai ƙaddara ce?

Haɗurra da yawa a kusa da gida suke faruwa, a hanyar makaranta, kasuwa ko asibiti, domin nan aka fi zirga-zirga. Kyawun tuƙinka kuma ba ya hana wani ya shigo maka, ko taya ta fashe, ko akuya ta gifta. Game da ƙaddara, mun yi imani da ita, amma riƙo da sababi ba ya karo da tawakkali. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali ko ya sake ta ya yi tawakkali, sai ya ce masa ya ɗaure ta kuma ya yi tawakkali. Yaro amana ne, kuma ba shi ya zaɓi inda zai zauna ba.

Yana kuka, yana ƙin zama. Yaya za a yi?

A fara duba ko igiya na cin wuyansa, ko zafi, ko yunwa, ko jiƙa. Idan babu ko ɗaya, to sabo ne. Yaron da aka fara da shi tun jariri bai san wata hanya ba, wanda aka fara daga baya kuwa yakan yi tirjiya na wani lokaci. Ƙa'idar gida ta zama ɗaya: mota ba ta tashi sai kowa ya ɗaura, har baba da direba. Idan ya kwance kansa ana cikin tafiya, a sami wuri a tsaya. Kaka da gwaggo da direban makaranta su ma a yi musu bayani cikin ladabi, domin idan wani na sassautawa, yaro zai gane abin na da ciniki.

Yaranmu suna da yawa, ko kuma motar haya muke shiga. Mene ne abin yi?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa mai daɗi. Mota mai bel uku a baya yara uku take ɗauka, kuma yara biyu ba sa raba bel ɗaya, domin a karo kawunansu ne za su gwaru. Idan yara sun fi kujeru yawa, sawu biyu ya fi cunkoso. But ɗin mota da bayan a-kori-kura ba wurin zaman yara ba ne. Idan kuɗin kujera ɗaya kawai ake da shi, a saya wa ƙaraminsu, manyan kuma su zauna a baya da bel, tunda ga yaron da ya haura shekara uku bel da bai zauna daidai ba ya fi babu. Kujera ɗaya tana iya yi wa yara biyu ko uku bi da bi kafin wa'adinta ya ƙare.

A tasi, ƙaramar kujerar jarirai tana kafuwa da bel cikin minti biyu idan motar na da bel mai aiki, kuma busta ba ta da nauyin ɗauka. A doguwar tafiya, biyan kuɗin mazaunin yaro ya fi a ɗora shi a cinya don ragin kuɗin mota. Adaidaita sahu da acaɓa ba su da inda za a kafa kujera. Idan babu makawa sai adaidaita, yaro ya zauna a baya a tsakiya, babba na riƙe da shi, ba a bakin ƙofa ko gefen direba ba.

Mai juna biyu za ta sa bel?

Za ta sa, tun farkon ciki har haihuwa, domin kariyar ɗan da ke ciki ita ce kariyar uwar. Bel na ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ciki ya kwanta a ƙashin ƙugu, na sama ya bi tsakiyar ƙirji ya sauka ta gefen ciki. Ta tura kujera baya yadda cikinta zai yi nisa da sitiyari ko dashbod, kuma ba a kashe mata jakar iska. Idan aka yi karo, ko da ƙarami ne kuma ba ta jin ciwo, ta je asibiti a ranar a duba ta, saboda mabiyiya na iya rabuwa da mahaifa ba tare da alama ta bayyana nan take ba. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra a Najeriya ita ce 122.